Darasi: Yadda Ake Tsara Wurin Kasuwanci a Ƙaramin Gari

Darasinmu na wannan mako a kan garinmu ne, Kafin Hausa.

Tun da aka kafa jami'ar jiha a nan a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, baƙi sun ƙaru. Shaguna ma sun ƙaru: masu shayi, masu gurza takardu, masu POS, masu cajin waya. Wannan alheri ne. Amma idan kowa ya kafa rumfa inda ya ga dama, alherin zai iya zama matsala.

Tsarin kasuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma har yau kowace sana'a tana da ɓangarenta a ciki.

Ga abubuwa huɗu da ake lura da su:

1. Kusanci. A tara shaguna wuri guda kusa da tasha, yadda tsohuwa za ta sayi gishiri, magani da kifi da ƙafa, ba sai ta hau babur ba. Haka kuma shaguna ba za su cinye gonakin bayan gari ba.

2. Layi-layi. Mahauta da layinsu, 'yan hatsi da nasu. Kada mai tuyar ƙosai ya zauna kusa da mai sayar da fetur a kwalba.

3. Hanya. A bar fili tsakanin rumfuna wanda motar kashe gobara za ta iya bi. A 2016 gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano.

4. Magudanar ruwa. Muna yankin Kogin Haɗeja, kuma ba mu manta da ambaliyar 2022 ba. A daminar bara ruwa ya shiga shagon kawuna ya jiƙa masa buhunan shinkafa, saboda wani ya ɗora teburinsa a kan kwalbati, shara ta toshe ta.

Wa ke da alhakin wannan aiki? Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota. Amma ita kaɗai ba za ta iya ba, sai da Sarkin Kasuwa, masu unguwanni da mu kanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin gida: Gobe a hanyarka ta zuwa makaranta, ƙirga shagunan da ka wuce. Nawa ne suka shigo kan titi? Nawa ne suka hau kan magudanar ruwa? Zana taswira ka kawo wa Ƙungiyar 'Yan Jarida. Wadda ta fi kyau za mu liƙa ta a wannan allo.