Kafin ka shugabanci ƙungiya a ƙasar Adar

Wani matashi daga Badagishiri da ya kammala karatu a jami'ar Tawa ya aiko da tambaya. Yana so aikin ƙungiyoyin taimakon al'umma ya zama sana'arsa, har wata rana ya jagoranci tasa. Ta ina zai fara?

Ƙanena, fara da abin da ya faru a ƙasarku ta Adar. A 1989 wani furoje da asusun raya aikin noma na FIDA ya ɗauki nauyinsa ya kai wasu manoman yankin Illela ziyara Yatenga ta Burkina Faso. Can suka ga ana haƙa ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya kwanta a ciki, a shuka hatsi. Da suka dawo sai suka gwada, suka inganta tassa, irin ramukan shukar da aka gada. A 1990 damina ta yi gardama, gonakin tassa kuwa suka ba da abin kaiwa rumbu. Maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, har fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Furojen ya daɗe da naɗe tabarmarsa, amma har yau ana haƙa tassa a Adar. Da wannan nake auna shugaban ƙungiya: me jama'a suka ci gaba da yi bayan kuɗin sun ƙare?

Don haka kada ka yi gaggawar sassaƙa hatimi da buga kati mai sunanka. Nemi aiki ƙarƙashin ƙungiyar da ta riga ta kafu, ko da na wayar da kai ne a ƙauyuka, bisa babur, ka yi shekara biyu ko uku. A nan za ka koyi abin da ba ya cikin littafi. Bayan kaka samari da magidanta sun tafi ci-rani Najeriya, Abijan ko Libiya, aikin rani ya koma hannun mata da dattawa. Ba a kiran taro ranar kasuwa, balle ranar da aka samu ruwan shuka. Damuwar mai albasa a Galmi daban take da ta mai gero a kan dutse. Kuma ba a shiga gari sai an gaida maigari da liman, ko da takardar prefe na aljihunka.

Cikin waɗannan shekaru ka ƙware a abu biyu: rubuta takardar neman tallafi da rahoto cikin Faransanci mai tsabta, da lissafin kuɗi a kwamfuta. Na biyun ya fi muhimmanci, domin kuɗi ne ke kashe yawancin ƙungiyoyinmu. Je ka zauna wurin taron Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta fara da matan Maradi a 1991, ka ga yadda ake buɗe akwati a gaban kowa, a ƙirga kuɗi da babbar murya. Ɗauki wannan ɗabi'a yadda take. Kada kuɗi su fita daga banki sai da sa hannun mutum biyu, kada ma'aji ya zama ɗan'uwanka, kada a sayi ko biro ba tare da rasit ba. A babban taron shekara a karanta shiga da fita cikin Hausa, jika bayan jika, yadda tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta iya tambaya. Bankunan cimaka da yawa sun mutu ne saboda bashin da aka ba dangi aka ji nauyin tambaya.

Sai takardu. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar mai lamba 84-06, ta 1 ga Maris 1984, ita ce tushe. Za ka shirya kundin dokokin ƙungiya, dokokin cikin gida da rahoton taron kafuwa, ka bi ta hukumar yankinku don neman izini. Bayan izini, rahoton aiki da na kuɗi na kowace shekara wajibi ne, ka kai shi kan lokaci. A Nuwamban 2024 gwamnati ta janye izinin wasu ƙungiyoyi, ciki har da Acted ta Faransa, ka ga izini abu ne da ake iya karɓewa.

Ranar da ta fi kowace wuya ita ce ranar rubuta sunayen waɗanda za a ba taimako. Kawunka zai zo, aminin mahaifinka zai zo. Kada ka rubuta suna ko ɗaya a ɗakinka. A tara gari, a amince da sharuɗɗa tukuna, a karanta sunaye a fili, a kafa kwamitin jin koke da mata a ciki. Haka za ka iya kallon kawunka ka ce ba kai ka zaɓa ba, kuma gaskiya ka faɗa.

Game da abin sawa a baki, aikin nan na kwantaragi ne, shekara ɗaya ko uku. A 2025 Amurka ta rufe hukumar USAID, ayyuka da dama suka tsaya cak a Afirka. Riƙe gonarka ko wata sana'a a gefe. Ƙungiyarka ma ta samu kuɗin shigarta, ko da na karo-karon mambobi ne, kuma kada ta rataya ga mai ba da tallafi guda. Rubuta wa'adin shugabanci a kundin dokoki tun ranar farko, ka horar da mataimaki ko mataimakiya mai iya sa hannu in ba ka nan.

A makon nan, je meri, wato ofishin ƙaramar hukumar Badagishiri, ka nemi ganin tsarin raya ƙaramar hukumar da jerin ƙungiyoyin da ke aiki a cikinta. Zaɓi biyu da jama'a ke yabon aikinsu, ka kai musu takardar neman aiki da hannunka, ka gaya musu a shirye kake ka kwana a ƙauye.