RABO DA ADALCI IDAN KUJERU SUKA YI KAƊAN: DARASI A KAN TIKITIN KALLON ƘWALLO

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya umurci bayinSa da adalci cikin babban al'amari da ƙarami. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wanga karo ya shafi rabon tikitin shiga filin ƙwallon ƙafa a ranar da masu son shiga suka fi kujeru yawa. Wataƙila wani ya ce maganar ba ta kai a kawo ta gaban jama'ar masallaci ba. Amsarmu ita ce, samarin da ke cunkoso a ƙofar filin ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, kuma mai sayar da tikitin da mai tsaron ƙofar sau da yawa sahu ɗaya muke tsayuwa da su. Hukuncin kallon wasa da sharuɗɗansa, kamar kada ya shagaltar da mutum daga salla kuma kada caca ta shiga ciki, malamai sun yi bayaninsa a wasu wurare. Tambayarmu ta yau ita ce: idan abu ya kasa, wa za a ba, wa za a hana, kuma da wace hujja?

ASALIN MAS'ALA

Filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai, wanda aka buɗe a shekarar 1989, yana ɗaukar kimanin mutum 35,000. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna mazauna birnin sun zarce miliyan ɗaya. Ke nan kujera ɗaya ce ga kusan mutum 30, tun ba a lissafa baƙi ba. A ranar wasa irin na 10 ga Oktoba 2010, lokacin da Mena ta ci Masar ɗaya da nema a kan hanyarta ta zuwa Gasar Kofin Afirka ta 2012 karo na farko, mutanen Doso da Tawa da Maraɗi da Damagaram su ma suna da haƙƙin son gani da idonsu. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Duk yadda aka yi, tilas wasu su rasa.

Manyan ƙasashe ma ba su kuɓuta ba. A wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da aka yi a Faransa ranar 28 ga Mayu 2022 tsakanin Liverpool da Real Madrid, kujeru 75,000 aka tanada. An ba kowace ƙungiya 20,000, aka sayar wa sauran jama'a 12,000, ragowar 23,000 kuwa suka tafi ga masu shirya wasa da hukumomi da ƴan kasuwa masu ɗaukar nauyi da gidajen talabijin. Kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan bai taɓa isa hannun mai bin layi ba.

Tun da rashi ya zama tilas, to a hanyar rabo ake gane adalci. Wanda ya rasa bisa ƙa'idar da ya sani tun farko, wadda ta hau kowa, yakan koma gida da haƙuri. Wanda ya rasa saboda an yi masa wayo yakan koma da ƙulli a zuciya, wani lokaci ma ya ƙi komawa, ya tsaya yana tura ƙofa.

HANYOYI UKU NA ZALUNCI

Ta farko ita ce ɓoye tikiti don tsada. Mutum ya saye ɗari ko ɗari biyu da sassafe, alhali kujera ɗaya ce buƙatarsa. Da an ce sun ƙare a wurin sayarwa sai ya fito da su, na jikka ɗaya ya koma jikka uku ko biyar. Wannan shi ne malaman fiƙihu ke kira ihtikari, kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya siffanta mai yin sa da saɓo. Wasu mazhabobi sun taƙaita hanin ga abinci, amma a wurin Imamu Malik ya game duk hajar da ɓoye ta ke cutar da mutane a kasuwa. Gaskiya ne tikitin wasa bai kai matsayin hatsi ba, domin ba a mutuwa don rashinsa, saboda haka laifin bai kai nauyin na mai ɓoye gero lokacin fari ba. Sai dai siffar aikin ɗaya ce: ƙirƙiro ƙaranci da gangan, sannan a ci riba daga ƙuncin da aka jefa mutane. Mai yin haka bai ƙara ko kujera ɗaya a filin ba. A ƙasashen da ake saye ta intanet abin ya ɗauki sabon salo, inda ake sa manhajar kwamfuta ta kwashe dubban tikiti cikin ƙiftawar ido. Ya yi kama da taren ayari a bayan gari kafin kaya su iso kasuwa, wanda shari'a ta hana. Amurka ta yi dokar hana irin wannan manhaja a 2016, Ingila kuwa tun 1994 ta mayar da sake sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin masu wasa ba laifi.

Ta biyu ita ce alfarma. Wanda aka ba amanar rabo ya ware wa dangi da abokai da manya, ko ya karkatar da kasonsa zuwa bayan fage. A Gasar Kofin Duniya ta 2006 a Jamus, wani ɗan kwamitin zartarwa na FIFA ya amsa da bakinsa cewa ya sayar da tikiti 12 a kan ninki uku na kuɗɗinsu, aka sallame shi daga gasar. Tikitin da ke hannun ma'aikaci amana ne, kuma cin amana sunansa cin amana ko da a kan ƴar takarda ne.

Ta uku ita ce ƙarfi da toshiya. Mai ƙarfi ya ture mai rauni a layi, ko ya haura katanga, ko ya miƙa wa mai tsaron ƙofa wani abu ya shige ba tikiti. Duk wanda ya shiga ta haka, wurin wani ya zauna.

ABIN DA KE BIYO BAYA

Kada mu ɗauka ɓarnar ta tsaya ga aljihu. Ranar 11 ga Afirilu 2001, a filin Ellis Park na birnin Johanasbag a Afirka ta Kudu, mutum 43 suka rasu cikin turmutsutsu a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates. Cikin dalilan da kwamitin bincike ya bayyana har da masu tsaro da suka karɓi toshiya suka shigar da marasa tikiti. Ranar 29 ga Maris 2009, a Abijan, mutum 19 suka rasu wajen kutsawa filin wasan Kodebuwa da Malawi, daga baya FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon ƙasar. Ranar 24 ga Janairu 2022, mutum 8 suka rasu a ƙofar filin Olembe na Yawunde, a wasan Kamaru da Komoros.

Mai tsaron da ya karɓi ƴan kuɗɗi a ƙofa bai yi nufin kashe kowa ba. Amma adadin kujeru iyaka ce da aka sa don kare rayuka, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Saboda haka buga tikiti fiye da kujeru, da buga na jabu, da buɗe ƙofa ga wanda ba shi da shi, duk wasa ne da ran mutane.

HANYOYI UKU NA ADALCI

Ta farko ita ce rigaye, wato wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta. Mu jama'ar masallaci mun san wannan ƙa'ida sarai. Sahun farko ba ya ɗaukar kowa, kuma ba a sayar da shi. Talakan da ya yi sammako ya fi attajirin da ya makara haƙƙi a kansa. Sunna ta hana a tayar da mutum daga mazauninsa don wani ya zauna, ta kuma hana ƙetare wuyan mutane ranar Juma'a. Layin tikiti na gaskiya haka ya kamata ya kasance. Sharaɗinsa shi ne a sanar da rana da wuri da farashi tun da wuri, kuma a ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya. Rauninsa kuwa shi ne yana fifita na kusa a kan na nesa, da mai lokaci a kan mai aiki, da saurayi a kan tsoho. Mutumin Damagaram ba zai taɓa riga ɗan Yamai isa layi ba.

Ta biyu ita ce ƙuri'a, wadda ake komawa gare ta idan haƙƙoƙi suka yi daidai, babu abin da zai rinjayar da wani a kan wani. Tana da asali mai ƙarfi. Alƙur'ani ya ba da labarinta cikin ƙissar renon Nana Maryamu a Suratu Ali Imrana, da ƙissar Annabi Yunusa (AS) a Suratus Saffati. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana yin ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma ya ambace ta game da kiran salla da sahun farko. Hukumomin ƙwallo na duniya sun daɗe suna amfani da ita: a buɗe rajista na wasu kwanaki, wanda ya nema ranar farko da na ranar ƙarshe duk ɗaya, sannan a fitar da sunaye. A nan akwai abu biyu da ya kamata mu kiyaye. Na ɗaya, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta yi sharaɗin cewa rabon ƙuri'a sai cikin abu mai nau'i ɗaya. Bisa wannan, a yi wa kujerun inuwa ƙuri'arsu daban, na rana daban. Na biyu, bambancin ƙuri'a da caca. A ƙuri'ar halal wanda bai samu ba bai yi asarar komai ba. Idan kuwa aka ce sai an biya kuɗɗin shiga ƙuri'ar, kuma ba a mayar wa wanda ya faɗi, to an faɗa caca.

Ta uku ita ce karɓa-karɓa da kaso. Malaman Malikiyya sun ambaci rabon amfani bi da bi cikin nau'o'in rabo, kamar abokan tarayya da ke karɓar amfanin abu ɗaya lokaci bayan lokaci. Idan an yi aiki da wannan, wanda ya samu a wasan bana sai a gabatar da wanda ya rasa a wasa na gaba, kuma a ware wa kowace jaha kasonta, a ware wa naƙasassu wurinsu. Ƙungiyoyi da yawa a Ingila suna gabatar da waɗanda suka saba halartar ƙananan wasanni, kuma akwai hujja a ciki, domin wanda ya jure ranar da filin ke fayau bai kamata a manta da shi ranar cika ba. Sai dai idan aka tsaya a nan kaɗai, yaro mai tasowa ba zai taɓa samun shiga ba, don haka ya kyautu a bar wani kaso ga ƙuri'a.

Ba muna daidaita ibada da wasa ba, amma aikin Hajji ya koya mana wannan darasi. Da mahajjata suka fi ƙarfin wurare, ƙasashen musulmi suka amince a taron Amman na 1988 da kason mutum 1,000 cikin kowane miliyan. Daga nan wasu ƙasashe, kamar Masar, suka ɗauki ƙuri'a, wasu kuma, kamar Indonesiya da Malesiya, suka ɗauki jerin jira.

MAS'ALAR FARASHI

Akwai masu cewa a bar kasuwa ta yi hukunci, a yi ta ƙara kuɗɗi har masu nema su ragu su yi daidai da kujeru. FIFA ta shigo da farashi mai hawa da sauka gwargwadon buƙata ga Gasar Kofin Duniya ta 2026, magoya baya suka yi kuka, har a Disamba 2025 ta ware ƴan tikiti kaɗan a kan dalar Amurka 60 ga magoya bayan ƙasashen da ke wasa. Asali mai kaya yana da ikon sa wa kayansa kuɗɗi, kuma babu laifi kujerar inuwa ta fi ta rana tsada. Amma filin da aka gina da sunan al'umma, da ƙungiyar da ke ɗauke da tutar ƙasa, kayan jama'a ne. Wasu malamanmu sun halatta wa hukuma ƙayyade farashi idan maslahar jama'a ta buƙata. Babbar gasar Ingila ma ta ƙayyade tikitin magoya bayan ƙungiyar baƙi a kan fam 30 daga shekarar 2016.

NASIHA

Ga hukumomin wasa: ku bayyana adadin tikitin da aka buga da yadda aka kasa su, ku fara sayarwa kwanaki kafin wasa a wurare dabam-dabam, ku buɗe ƙofofi da wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɓoye lissafi shi ne tsagewar.

Ga ma'aikata da masu tsaro: abin da aka miƙa muku a ƙofa toshiya ce, kowane suna aka ba ta.

Ga samarinmu: wanda ya saya don kansa sannan uzuri ya same shi, ya sayar a kan kuɗɗin da ya saya, gwargwadon yadda ƙa'idar masu wasa ta yarda. Ku guji saye a bayan fage, domin mai saye shi ke raya mai ɓoyewa. Wanda bai samu ba ya zauna gida ya saurari rediyo ko ya kalli talabijin, kada ya je ya ƙara cunkoso a ƙofa.

Ga iyaye da limamai: mu koya wa yara bin layi tun suna ƙanana. Wanda ya saba cin haƙƙin wani a kan tikiti, shi ne gobe za a ba rabon taki ko hatsin agaji ko filayen unguwa, kuma da halin da ya saba zai raba.

Allah Ya sa mu cikin masu tsayar da adalci ko da a kan kawunanmu, Ya tsare ƴaƴanmu, Ya jiƙan musulmin da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.