Sanin Abin da Ke Cikin Zuciya a Lokacin Annoba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi mutumin da abu ke damunsa, amma ya kasa gane ko tsoro ne, ko baƙin ciki, ko fushi.

Tun da daɗewa malamai suka lura da wannan al'amari. Abu Zaidi Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rarrabe cututtukan rai kashi huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi, kowanne da maganinsa. A farkon shekarun 1970 kuwa, wani likita a Amurka, Peter Sifneos, ya sa wa rashin iya gane motsin zuciya suna aleksitimiya, watau rasa kalmar da za a kira abin da ake ji.

Illar wannan ta fito fili lokacin annobar korona. A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta game duniya, daga baya ta ce damuwa da ƙuncin rai sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko. Shi tsoro yakan sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙuntata, gumi ya keto. Wanda ya gane tsoro ne, sai ya natsu, abin ya lafa. Wanda bai gane ba kuwa, sai ya ɗauka cutar ce ta kama shi, tun da sarƙewar numfashi na cikin alamunta. Daga nan tsoro ya ninku, barci ya ƙaurace masa, har ya huce haushinsa a kan iyali, alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

To, waɗansu sun ɗauka haƙuri shi ne mutum ya musanta abin da ke ransa. Wannan kuskure ne. Annabi Yakubu ya ambaci baƙin cikinsa, ya kai kukansa ga Allah. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahimu, ya faɗi cewa zuciyarsa na baƙin ciki, bai kuwa furta abin da zai saɓa wa Ubangijinsa ba.

Saboda haka, ya kamata Musulmi ya riƙa yi wa kansa hisabi: mene ne wannan da ke ƙirjinsa, kuma yaushe ya fara? Sa'an nan ya ambace shi a cikin addu'a, ya gaya wa amintacce, in ya tsananta ya ga likita. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ai ya ɓoye maganinsa. Allah Ya kiyaye bayinsa daga annoba, Ya sanyaya zukatansu, amin.