DARASIN IYALI: DAREN DA AKA SHA KAYE

A ranar 29 ga watan Yuni 2024 ƙungiyar El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas, ta ɗauko Kofin Tarayya bayan shekara 32 rabonta da shi. Dattawan Bulumkutu da suka ga nasarorin 1991 da 1992, sa'ad da ta ci Kano Pillars sannan ta ci Stationery Stores, sun sami abin ba jikoki labari. Sai dai shekara guda kacal kafin wannan murna, wato a 2023, ƙungiyar ta faɗo daga babban rukunin ƙasa, kuma bayan wata biyu da ɗaukar kofin wata ƙungiya daga Jamhuriyar Benin ta fitar da ita daga gasar Afirka tun a zagayen farko. Duk gidan da ke da mai son wasa, ko na ƙwallon ƙafa ko na kwando, ko gasar gudu ta makaranta, zai fi yawan ganin dare irin na 2023 bisa ga irin na 2024, gama kofi ɗaya ne, masu nemansa kuwa da yawa. Abin da ke faruwa a cikin gida a irin wannan dare shi ne abin nazari a wannan darasi.

Ciwon na gaske ne

Iyaye da yawa, musamman uwaye, sukan yi mamakin yaron da ya ƙi cin tuwo saboda wasu mutanen da ba su san da zamansa ba sun sha kaye a Landan ko Madrid. Sukan ce, “Kai ne ka buga?” Tambaya ce mai ma'ana, amma ba ta warkar da kowa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Robert Cialdini, tare da abokan aikinsa, sun buga sakamakon wani bincike a 1976. Sun lura da ɗaliban jami'o'i bakwai a ranakun Litinin, suka ga cewa in ƙungiyar makaranta ta yi nasara ranar Asabar, masu sa rigar da ke ɗauke da sunan makarantar sukan ƙaru. Da aka tambayi ɗalibai yadda wasa ya kaya, bayan nasara sun fi cewa “mun ci”, bayan kaye kuwa sai bakinsu ya koma “an cinye su”. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Bulumkutu ba ya bukatar jami'a ta faɗa masa wannan. Amma binciken ya nuna tushen abin: mai goyon baya yakan ɗaura darajar kansa a wuyan ƙungiya. In ta faɗi, ji yake kamar shi aka kayar a bainar jama'a, kuma ya san gobe da safe akwai masu jiransa a aji, ko a tashar Keke Napep, ko ma a bakin majami'a.

Yaro ɗan shekara 14 wanda makarantarsu ta faɗi a wasan ƙarshe a hannun makarantar da ke tsallaken titi ya fi mai kallon Arsenal shan wuya. Shi ya san 'yan wasan, wataƙila wansa ne ya ɓarar da ƙwallon ƙarshe, kuma da waɗanda suka ci su zai haɗu a famfo da kasuwa har shekara ta zagayo.

So hana ganin laifi

A watan Nuwamba 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth suka kara a wasan ƙwallon Amurka, wasa mai zafi wanda aka karya wa wani hanci, wani kuma ƙafa. Bayan haka malamai biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗaya na wasan, suka ce kowa ya ƙirga laifuffukan da ya gani. Ɗaliban Princeton suka ƙirga wa Dartmouth laifi fiye da ninki biyu na nasu. Ɗaliban Dartmouth kuwa suka ga laifin kusan daidai yake a ɓangarorin biyu. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu. Ido ne ya bi zuciya.

Wannan ya isa ya sa uba ya yi hattara da kalmar nan da ta fi kowace saurin fita bayan kaye: “Alƙalin wasa ne ya cuce mu.” Wani lokaci gaskiya ne, alƙalai na kuskure, akwai kuma masu karɓar na goro. Amma yaron da ya tashi yana jin cewa duk faɗuwa cuta ce, zai kai wannan karatu ɗakin jarrabawa, ya ce malami ne ya tsane shi. Zai kai shi wurin aiki. Zai kai shi gidan aurensa.

Abin da ke biyo mutum gida

Nan ne maganar ta daina zama ta wasa. Masana tattalin arziki biyu, David Card da Gordon Dahl, sun binciki rahotannin 'yan sanda a wasu jihohin Amurka, suka buga sakamakon a 2011. Sun tarar cewa in ƙungiyar gari ta faɗi a wasan da kowa ya sa ran za ta ci, dūkan da maza ke yi wa mata a gida yakan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 a sa'o'in da ke biye, kuma ƙarin yakan fi haka in abokiyar hamayya ta gado ce ta yi cin. In an riga an san ƙungiyar za ta faɗi, ba a ganin wannan ƙari. Ashe ba kayen ne ke haddasa fitinar ba, sa rai ne da ya fashe. A Ingila ma, masu bincike na Jami'ar Lancaster sun duba gasar Kofin Duniya ta 2002 da 2006 da 2010, suka ga rahoton cin zarafi a gida a yankin Lancashire ya ƙaru da kashi 38 cikin 100 a ranakun da Ingila ta sha kaye.

Waɗannan alƙaluma na ƙasashen waje ne, amma matar da ta koyi gane sakamakon wasa daga yadda mijinta ya buga ƙofa ta san abin da suke nufi. Yanzu kuma ga caca ta shigo cikin wayar hannu. Saurayin da ya zuba kuɗin makaranta ko jarin shago a kan wasa ba ƙwallo kawai ya rasa a daren nan ba, kuma fushinsa ba irin wanda barci ke wankewa ba ne. Uban da ya ga baƙin cikin ɗansa ya wuce misali, ya kamata ya tambaya a hankali ko akwai kuɗi a ciki.

Fushin kan fita waje kuma. A ranar 11 ga Fabrairu 2024 Najeriya ta fara cin Kwaddebuwa a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan, daga baya aka rama aka ƙara, aka tashi 2 da 1. Kafin gari ya waye dubban mutane sun yi wa Alex Iwobi ruwan zagi a intanet, har ya goge hotunansa daga Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su bari. Cikin masu zagin nan babu shakka akwai waɗanda suka je sujada da safiyar wannan Lahadi. Yana da kyau kowane gida ya tambayi kansa abin da wayoyin da ke ƙarƙashin rufinsa suka rubuta a daren.

Asalin ƙwallon kwando

Kaɗan ne cikin yaran da ke jefa ƙwallo a zoben ƙarfe suka san cewa wasan ya fito ne daga makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar samari Kirista ta YMCA. A watan Disamba 1891, a garin Springfield na Amurka, aka ba wani malami ɗan Kanada mai suna James Naismith, wanda ya yi karatun tauhidi, aji na samari 18 da sanyi ya kulle a ɗaki har suka gagari malamai. Ya rataye kwanduna biyu na 'ya'yan itace a sama, ya rubuta dokoki 13. Ya hana gudu da ƙwallo a hannu domin kada a sami dalilin kayar da mutum, ya hana turi da riƙo da taɗiya da duka, ya kuma ɗaga kwandon sama domin ƙarfin tuwo kada ya yi amfani, sai saiti da natsuwa. Wato tun daga tushe an ƙera wasan ne don a koya wa samari masu zafin jini yin hamayya ba tare da cutar da juna ba. Abin dariya kuma, sa'ad da Naismith ya zama kocin Jami'ar Kansas, wasa 55 ya ci, aka ci shi 60. Wanda ya ƙirƙiro wasan ma ya fi sanin kaye bisa ga nasara.

Manzo Bulus bai raina wasa ba. Mutanen Korinti suna da babbar gasa da ake yi kusa da birninsu duk bayan shekara biyu, ladan mai nasara kuwa rawanin ganye ne. A sura ta 9 ta wasiƙarsa ta fari zuwa gare su ya ɗauki mai tsere da ɗan dambe ya yi misali da su, abin da ya yaba kuwa shi ne horon kai, sa'an nan ya tuna musu cewa ganye yana bushewa. Iyalin da za su karanta wurin tare za su ga bai ce a bar tsere ba, bai kuma ce rawanin ya kai a yi gaba a kansa ba.

Ɗan Legas a daren Albuquerque

Hakeem Olajuwon ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsu ta Legas, kuma a wata gasar makarantu da aka yi a Sakkwato ya fara buga ƙwallon kwando na gasa yana da shekara 15. A ranar 4 ga Afrilu 1983 ya shiga wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka tare da Jami'ar Houston, wadda ta ci wasa 26 a jere, kowa kuma ya gama ba ta kofin. Saura daƙiƙoƙi a tashi ana 52 da 52, sai ɗan wasan North Carolina State ya jefo ƙwallo daga nesa, ba ta kai ba, abokinsa Lorenzo Charles ya cafe ta a iska ya dunƙa a kwando. Aka tashi 54 da 52. Duk da haka Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 ya sake kai wa wasan ƙarshe, Georgetown ta Patrick Ewing ta kayar da su. Sai bayan shekara 10, a 1994, ya ɗauki kofin NBA da Houston Rockets, a kan ƙungiyar da Ewing ɗin nan ke ciki, ya kuma maimaita a 1995.

'Yan mata ma suna da nasu misalin. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, D'Tigress ƙarƙashin koci Rena Wakama ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a ƙwallon kwando. Amurka ta ci su 88 da 74, suka dawo gida ba lambar yabo, ba kuwa wanda ya ce sun ji kunya.

Hamayya mai iyaka

Ƙasar nan ba baƙuwar tsokana ba ce. Babarbare da Bafillatani sukan yi wa juna ba'a a kasuwa har mai wucewa ya zaci za a dambace, haka Bakano da Bazazzagi, haka taubasai a cikin dangi. Amma wannan wasa yana da doka: ba a ɗaga hannu, ba a yi wa mutum a ranar makokinsa, kuma wanda ya tsokana yau ya shirya karɓa gobe. Abokin wasa shi ne kan fara zuwa in an yi rashi. Hamayyar makarantu da ta ƙungiyoyi tana da daɗi muddin ta zauna cikin wannan iyaka. Ranar da ta koma jifa da duwatsu bayan gasa, ko aka fara jingina ta da ƙabila ko addinin waɗanda ke ɗaya makarantar, ta zama wani abu dabam, kuma Maiduguri ta sha wuya ƙwarai da ba za ta ɗauki irin wannan da sauƙi ba. Akwai shekarun da El-Kanemi ke buga wasanninta na gida a Kano da Katsina saboda rashin tsaro, a 2014 kuma an kai harin bam a gidan kallo a Damaturu ana cikin kallon Kofin Duniya. Zama a kalli wasa lafiya, Kirista da Musulmi a benci ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne a wannan gari.

A daren kaye, wa'azi ba ya shiga kunne. Abin da ya fi amfani shi ne a ajiye wa yaro abincinsa, a hana ƙannensa tsokana, a bar shi ya kwana. Washegari ake magana, kuma tambayar da ta fi buɗe baki ita ce, “Wa ya fi buga wasa mai kyau a cikin waɗanda suka ci ku?” Yaron da ya iya ambatar suna ɗaya ya fara warkewa. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin matasa da ke shirya gasa tsakanin majami'u za su iya sa doka cewa ba a tashi sai ƙungiyoyin biyu sun sha ruwa tare, kuma waɗanda suka ci su ne za su raba. Duk wannan kuwa ba zai yi tasiri ba in uban gida da kansa yakan yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa saboda Manchester United.

Don tattaunawa a gida

Kowa a gidan ya faɗi kayen da ya fi yi masa ciwo, na wasa ko na jarrabawa ko na neman aiki, da abin da wani ya yi masa a ranar wanda ya taimaka. Iyaye su fara, kafin yara. Sa'an nan a tambayi uwar gida, ba tare da kowa ya katse ta ba, yadda gidan yake zama a daren da ƙungiyar maigida ta faɗi.