DARASI: TAFIYA DA KEKE A HANYAR DUTSE DA DAJI

'Yan'uwa manoma, mu mutanen Ɗambatta da Bichi da Makoɗa mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Gona na bin gona, gari na hangen gari. Abin da ke wahal da mai keke a nan shi ne yashi da ƙaya. Amma neman iri ko cin rani yakan kai waɗansunmu duwatsun Kazaure, ko can kudu wajen Riruwai da gefen Dajin Falgore. Hanyar can dabam take.

Bara wani ɗan ƙungiyarmu ya ɗauro buhun masara a keke, ya bi wata gangara da bai sani ba. Birki ya ƙi kamawa, ya faɗa kwazazzabo, ya karye a hannu. Gero ya nuna ba mai girbi, sai da muka yi masa gayya. Shi ya sa muka kawo wannan darasi.

A wata ƙasa hawan dutse da keke wasa ne. A shekarar 1976 waɗansu samari a jihar Kalifoniya ta Amurka suka soma tseren gangarowa daga dutse da tsofaffin kekuna. Birkinsu yakan yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani. Daga nan aka ƙera keken dutse mai faɗin taya, da giya da yawa, da birki mai ƙarfi. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. To, namu Raleigh da Phoenix ba irin wannan ba ne. Giyarsu ɗaya, an yi su domin hanyar kasuwa. Saboda haka mu kiyaye waɗannan:

1. Mu yi tambaya a ƙauyen ƙarshe kafin mu shiga daji: ina rafi, ina gangara, akwai lafiya a hanya? Matambayi ba ya ɓata.

2. Mu gwada birki gaba da baya tun a gida. In robar ta cinye a sake ta. Mu riƙe famfo, da faci, da sholisho, da sifana, da ruwan sha.

3. A gangara mu matsa baya kan sirdi, mu kama birki biyu tare, sannu a hankali. Wanda ya danne na gaba kaɗai zai wuntsila ta kan keke.

4. In ba mu ga ƙarshen gangara ba, ko akwai kaya mai nauyi, mu sauka mu tura. Ba abin kunya ba ne.

5. Bayan ƙetare ruwa birki ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Mu dinga matsa shi kaɗan kaɗan har ya bushe. Rafin dutse kuwa yakan kawo ruwa ko ba a yi sama a inda muke ba.

6. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. A faɗa wa na gida hanyar da za a bi, a kuma fita daga daji kafin rana ta faɗi.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi domin taron ƙungiya:
(a) Kekuna nawa ne a cikinmu ke da birki biyu masu aiki?
(b) Za mu iya haɗa kuɗi mu sayi akwatin kayan gyara na kowa da kowa?