Amsar Tambaya: Kwikwiyo Mai Tauna Kaya

Tambaya: Kwikwiyona ya tauna min igiyar guga da takalma. In dake shi? Daga wani makiyayi, Belbeji.

Amsa: Malam, kada ka dake shi. Tsakanin wata 3 zuwa 7 kwikwiyo yana zubar da haƙoran nono 28, manya 42 suna fitowa, dasashinsa na ƙaiƙayi, tauna ce ke sa ya ji sauƙi. Wasu za su ce duka ke sa kare hankali, amma tsoronka kawai zai koya, ƙaiƙayin kuwa yana nan. Rataye guga da takalma a sama, ka ba shi busasshiyar fatar saniya mai kauri. Kada ka ba shi dafaffen ƙashi, yana tsagewa ya huda hanji. Ban da maganar tauna, kai shi wurin ma'aikatan kiwo a yi masa allurar rigakafin haukan kare.