Kafin Ku Baro Galmi

Ɗana, ina gaishe ka, da maiɗakinka, da jikokina. An ce hidimarku a asibitin Galmi ta zo ƙarshe, har kun fara ɗaure kaya. Mun gode wa Ubangiji. Ga 'yar maganata kafin ku kamo hanya.

Ranar sallama ka kula da bakinka. Rana ce da zuciya kan yi laushi, sai mutum ya ce zai aiko da kuɗin makarantar wane, zai dawo baɗi, zai saya wa majami'a kwanon rufi. Kai kunya da ƙauna suka sa ka faɗa, mutanen kuwa za su zauna suna jira. Alkawari kaya ne. Abin da ba ya hannunka, ka ce za ka kai maganar gida, ka tsaya a nan.

Hanya ba sai na tsawaita ba. Ku canza sauran sefarku a Birnin Konni, takardun yara da katin rigakafi su kasance kusa da hannu kafin ku tsallako Illela. Ku kwana a Sakkwato, kada dare ya same ku a hanyar Gusau. Wanda jikinsa ya yi zafi bayan kun iso, a gwada shi zazzaɓin cizon sauro, kada a ce gajiya ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar Lahadin da Fasto zai kira ku gaba ku ba da shaida. Na ga masu dawowa da dama, kuma a wurin nan ne ƙafa kan zame. Mutum ya yi 'yan makonni, ya dawo yana magana kamar shi ya kai haske garin. To, asibitin nan mishan ta SIM ta buɗe shi tun 1950, kakanka ma yana saurayi. Akwai ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da suka yi furfura a ɗakunan nan, akwai masu shara da masu wanki da ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsu. Kun tarar da su suna aiki, za ku bar su suna yi. Ka ambace su kafin ka ambaci kanka. Dubi Bulus da Barnaba a Ayyukan Manzanni sura 14: da suka koma Antakiya suka tara ikilisiya, labarin aikin Allah suka bayar, ba nasu ba.

Su kuma marasa lafiyar, yawancinsu Musulmi ne, Hausarmu ɗaya da su, sun buɗe maka jikinsu da sirrinsu don sun amince da kai. Kada ka mai da talaucinsu abin sa zumuntar mata hawaye. Hoton da za ka ji kunyar a ɗauki uwarka irinsa, ka goge shi, kada ya hau Facebook. Ka faɗi har da tuwon da suka ba ku, da dariyar da suka yi wa Hausarku ta Jos.

Kuɗin baikon da aka tara muku, ka rubuta yadda aka kashe shi har kwabo, ka miƙa wa dattawa kafin su tambaya.

Bayan haka ku huta. A Markus sura 6, da manzanni suka dawo daga aike, Yesu kansa ya janye su gefe su huta. Maiɗakinka ta yi hidima biyu, ta asibiti da ta yara, kada baƙi masu zuwa sannu da zuwa su tsayar da ita a murhu tun ranar farko. Yaran kuma ka bar su su ba da labarinsu yadda suka gani, ko da na raƙuma ne kawai.

Uwarka ta ce kada ku baro Galmi ba buhun albasa. Allah ya kawo ku lafiya.